Gargaɗi: masu cire karyayyen notin kan salansa cikin awa ɗaya, gam suke manna muku

Jama'a, wata cuta ta shigo harkar gyaran mota, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne mu masu gareji da hannunmu muka riƙa miƙa musu motocin mutane. Masu yawo ne da jakar kayan aiki, suna tallata kansu a waya wai sun ƙware wajen cire notin da ya karye a manifol, wato kan salansa inda yake ɗaure da tof, murfin saman inji. Awa ɗaya, ba a sauke komai ba. Noti biyu sun karye cikin takwas, sai su karɓi kuɗin cire biyu, su karɓi kuɗin sababbi takwas. Abin da suke bari a jikin injin kuwa, kan noti ne guda biyu da aka yanke, tsawon milimita 10 kacal, an shafa gam an cusa a ramin manifol ɗin. Karyayyun suna nan cikin tof ko motsi ba su yi ba. Kuɗin cire biyu, ba a cire ko ɗaya ba.

Wurin da suke kama mutum, kamar yadda ɗaya daga cikinsu ya yi mana a kan wata mota, shi ne lokacin da mai aikin zai buɗe tafin hannu ya ce, "Maigida, ga su nan, da ƙyar suka fito." Guntaye biyu masu tsatsa. Wannan tafin hannun nake ta gani a idona. Duk guntun da aka ciro da gaske dole ya zo da shaidarsa, ko dai an yi masa waldar wani noti a ka, ko kuma akwai huji a tsakiyarsa. Nasa ba walda, ba huji, sumul. Daga jakarsa suka fito. Mun san wannan sarai, aikinmu ne, amma ya buɗe hannu muka kalla muka gyaɗa kai.

Kada wani ya zo ya ce sakaci ne. Notin da ke karyewa yawanci na ƙarshe ne, ta can baya inda ido ba ya kaiwa sai da madubi, ga faifan tare zafi an mayar ya rufe komai. Wa yake bin aikin da aka gama da sifana yana sake gwada kowane noti? Kuma alamar ciwon ita kanta tana taimaka musu. Ƙarar nan ta tas-tas-tas da safe take fitowa idan injin yana da sanyi, da ya ɗau zafi ƙarfe ya buɗa ya toshe kafar sai ta lafa. Shi ya sa ba sa taɓa miƙa mota sai injin ya yi zafi. Sun shafa man toshe salansa a bakin gaskit, wato faifan da ke toshe tsakanin manifol da tof, ya riƙe kwana biyu ko uku, lambar wayarsu kuma ta daina shiga.

Na tsallake maganar sababbin. Tun kafin zancen guntayen ma, sai da ya nuna su a leda, kowane da tambarin 10.9 a ka, lambar da ke nuna ƙarfin noti. Shida masu lafiya na kamfani ya kwance ya zuba a jaka, ya ɗaura nasa. Noti mai kaurin milimita 8, idan 8.8 ne yana ɗaukar ɗauri wajen Nm 25 a awon ƙarfin ɗauri, idan 10.9 ne na gaske har wajen 35. Waɗannan, da aka sa musu sifana mai awo, tun kafin a kai 20 sai ka ji hannu ya yi laushi, notin yana miƙewa. Ka goga masa magagari ka ga yadda yake cin sa ba wahala. Ƙarfen banza ne aka buga wa lamba. An biya takwas, shida na jabu, biyu kawuna ne kawai.

Ga dalilin da ya sa aikin ba zai taɓa zama na awa ɗaya a makance ba. Manifol yana iya kai zafin digiri 700 idan mota tana jan kaya, tof kuwa ruwa yana sanyaya shi. Ɗaya yana miƙewa yana komawa, ɗayan kusan yana nan, notin da ke tsakani shi ke shan lanƙwasa kullum, na gefe sun fi shan ta. Da shekaru manifol ɗin kansa yana bauɗewa, sai ya tsinke notin. To gam ɗin da ko rabin wannan zafin ba ya jurewa, me zai riƙe?

Aikin gaskiya, manifol sai ya sauka. A jiƙa sauran notin da man sassauta tsatsa tun daren jiya, a kwance su a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. Idan guntun ya leƙo, ko yana daidai da fuskar tof, walda ta fi komai: a cire wayar batir, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin, a ɗora washa a kan guntun a yi walda, a ɗora noti mai rami a tsakiya a kan washar a cika cikinsa da walda. A bari jan wutar ya mutu kafin a sa sifana. Zafin waldar ne yake fasa tsatsar, kuma idan tof ɗin alminiyum ne waldar ba ta kama shi. Sau da yawa notin yana ɓallewa sau biyu ko uku kafin guntun ya motsa, ba komai, a sake.

Idan ya karye can ciki, sai huji. A buga maki a tsakiya daidai, a sa jagora don kada bakin hujin ya zame ya faɗa cikin alminiyum mai laushi, a fara da milimita 3, zai fi kyau da baki mai juyin hagu domin wani lokaci shi kaɗai yake warware guntun. A auna zurfin wani ramin da ba kowa a ciki, a naɗa tef a bakin hujin daidai nan. Wanda ya wuce zai iya huda hanyar ruwa, daga nan kuma tof ne zai sauka. A bi a hankali har milimita 6.8, a tsince ragowar zaren, a bi da taf, wato abin fitar da zare, na 8 mai tazarar 1.25. Zare ya lalace, a sa Helicoil, wato naɗaɗɗiyar waya da ake cusawa a rami ta zama sabon zare. Wannan siririn abin cirewa mai juyin hagu da ake sayarwa a kwali, ku yi hattara da shi ƙwarai. Yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake, kuma idan ya tsinke a ciki bakin huji na yau da kullum ba ya cin sa. A ɗaya daga ramuka biyu na motar nan abin da aka tarar ke nan a ƙarƙashin gam: ya gwada, ya karya, ya rufe. Yanzu wanda zai gyara, aiki biyu ne a gabansa, mai mota kuma biya biyu.

Kafin a mayar, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar manifol a duba. Idan ya bauɗe a kai a fere shi ko a canja, in ba haka ba sababbin ma za su tsinke a wuri ɗaya. Sabon gaskit, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, a awon da littafin motar ya faɗa.

Ba ƙara kaɗai ba ce matsalar, shi ya sa na kasa yin shiru. Hayaƙin da ke fita ta wannan kafar yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana iya shiga cikin mota ta sa ciwon kai da jiri, tana kisa. Iskar waje kuma tana shiga ta kafar ta ruɗa na'urar auna iska da ke jikin salansa, mota ta ƙara shan mai. Akwai masu ɗaukar yara a motocin nan.

Hotunan kawunan biyu da gam a jikinsu, da saƙonnin da ya yi alkawarin awa ɗaya, zan ɗora su da zarar an gama ciro na biyun. Ni dai har yanzu tafin hannun nan ne, "Maigida, ga su nan."

Kada ku biya sai kun ga manifol a ƙasa da ramukan a buɗe. Ku duba guntun, walda ko huji. Ku riƙe tsofaffin notinku. Ku tayar da injin da sanyinsa washegari, sannan ku cika kuɗin.