Firij mai yin ƙanƙara da kansa: Yuli ce ke faɗin gaskiyarsa

Firij ɗin nan mai ƙofa biyu da ke zubo ƙanƙara ta jikin ƙofa kaya ne mai kyau, amma wanda ya saya a Janairu kada ya yabe shi sai ya ga Yuli a Makka ko Jidda.

Aikinsa ba wuya. Bawul, wato makunnin ruwa, ya buɗe na 'yan daƙiƙu ya cika faranti da ruwa, injin ya jira farantin ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifili, sannan ya juye. In firiza tana kan 18 ƙasa da sifili, zagaye ɗaya kan ci kamar awa ɗaya da rabi, a samu kusan kilo ɗaya da rabi a yini. Daga Disamba zuwa Fabrairu haka yake yi ba gardama. Aibinsa a lokacin ɗaya ne: ƙanƙarar da ta daɗe ba a ɗiba takan ƙanƙance, ta ɗauki ƙarnin kifi. A zubar duk mako biyu.

Da bazara labari ya sha bamban. Waje ya haura digiri 40, kicin ba na'urar sanyaya ɗaki, kwampreso, injin da ke sanyaya firij, yana ta fama ya fitar da zafi cikin iskar da ita ma zafi ce. Ruwan da ke saukowa daga tankin saman bene ɗumi ne, yara kuma ba sa barin ƙofa ta huta. Sai zagayen ya ja, bokiti ya ƙi cika daidai lokacin da ake neman ƙanƙarar. A Jidda ga laima: iskar da ta shiga tana narka saman ƙanƙara, ta sake daskarewa dunƙule guda, marfin zubowa ya maƙale. Ba lalacewa ya yi ba, kada a yi gaggawar kiran mai gyara.

Kafin a biya kuɗi a duba takardar jikinsa. Harafin T na nufin an gina shi ya jure har digiri 43, ST 38, N kuwa 32 kacal, wannan ba na ƙasar nan ba ne. A gida a bar masa aƙalla santimita 5 daga bango, nesa da murhu, a share ƙurar bayansa kafin Mayu, a sauya filtar ruwa duk wata 6. Don gwada robar ƙofa, a rufe ƙofar a kan takardar riyal a ja. In ta zare ba turjiya, robar ta saki.

Mazauna hawa na ƙarshe su kula: bawul yana son matsin ruwa wajen 1.4 a ma'aunin bar, tankin da ke mita 3 sama da kai kuwa 0.3 yake bayarwa, shi ya sa ƙanƙara ke fitowa ƙanana masu rami a ciki. Ko a sa ƙaramin injin tura ruwa, ko a sayi samfurin mai tanki a ciki da ake cikawa da hannu. Mu na biyun muka fi yarda da shi.