Lambar Prusiya ko ta Bavariya, wacce ta fi nauyi?

Kafin Jamus ta dunƙule a 1871 kowane sarki da tasa lambar girman, amma biyu ne, ta masarautar Prusiya da ta masarautar Bavariya, suka fi suna wajen malaman kimiyya da masu fasaha.

Ta Prusiya, wato Pour le Mérite, an kafa ta a 1740, a 1810 ta koma ta sojoji zalla, sai a 1842 Sarki Friedrich Wilhelm na 4 ya ƙirƙiro ɓangaren farar hula ya ɗora masanin kimiyya Alexander von Humboldt a kai. Jamusawa 30 kacal ake ɗauka lokacin, sai wani ya rasu gurbi ya buɗe, kuma abin da ya fi burge ni wallahi shi ne mambobin ke zaɓo wanda zai shigo, kaga masani ne ke auna ɗan'uwansa masani. 'Yar ƙaramar aba ce fa, zobe shuɗi da mikiyar zinariya a tsakiya, ana ratayawa a wuya. Einstein ya samu a 1923, da 'yan Nazi suka hau a 1933 ya fice abinsa, lambar ta yi ta shiga wani hali har Shugaban Jamus ta Yamma Theodor Heuss ya farfaɗo da ita a 1952.

Ita kuwa ta Bavariya, wato lambar Maximilian, Sarki Maximilian na 2 ne ya kafa ta a 1853, ƙofarta ta fi faɗi, har mutum 100, ta daina aiki sai 1980 aka dawo da ita kuma yanzu firimiyan jihar ne ke bayarwa. Tana da daraja sosai, amma ni dai ta Prusiya na fi ganin girmanta saboda wannan zaɓen na mambobi.