Gyaran fok ɗin gaban babur: me ya kamata ka saya?

Idan ka matse birkin gaba sai kan babur ya nutse kamar raƙumi zai durƙusa, ko ɗan ƙaramin rami ya girgiza maka kafaɗu, to matsalar tana cikin fok, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba. Mutane da yawa daga nan sai su fara neman sabon fok ɗungurungum, alhali sau tari abin bai kai haka ba.

Fara da mai. Man da ya daɗe a ciki yakan yi baƙi, ya tsinke, wani lokaci har da ɗoyi. Shafa yatsa a jikin ƙarfen fok mai sheƙi: in ka ga danshi da ƙura ta manne, sil, wato robar da ke hana mai zuba, ya mutu. Sabon sil da sabon mai kaɗai kan dawo da babur hayyacinsa. Sai dai lambobin kauri irin 10W da 15W ba ɗaya suke ba tsakanin kamfanoni, don haka in ka samu wanda ya yi maka, kada ka yi ta sauyawa.

Inda na fi son mutum ya sa kuɗinsa shi ne sifirin. Kamfani yana sa shi ne bisa nauyin matsakaicin mahayi, kai kuma wataƙila ba shi ba ne, balle in kana ɗaukar goyo ko kaya. Ɗaura 'yar igiyar roba a jikin fok, ka hau da kayanka, ka auna yadda ya sauka daga cikakken tsayinsa. A babur ɗin kwalta ana son kusan milimita 30 zuwa 35. In ya wuce haka sosai, sifirin ya yi maka laushi. Iri biyu ne a kasuwa: mai ƙarfi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, da wanda ke farawa da taushi ya ƙara tauri yayin da ake matse shi. Na biyun ya fi daɗi a gargada, amma na farkon ya fi sauƙin saiti, ni shi nake zaɓa.

Yawancin ƙananan babura suna da sanda mai huda a cikin fok, mai yana bi ta ramukan. Illarta ita ce ramin ba ya sauya girma, shi ya sa fok kan yi lagwas a birki kuma ya yi tauri a kan dutse. Maganin matsakaicin kuɗi shi ne ƙaramin bawul mai daidaita gudun mai, irin na kamfanin Race Tech, amma sai an faɗaɗa ramukan sandar, aikin da ba kowane bakanike za ka ba ba. Sama da shi akwai cikakken katirij, wato bututu mai bawuloli da ke maye gurbin sandar, irin na kamfanin Öhlins ko Andreani, mai ba ka damar saita matsewa da dawowa daban-daban. Yana da kyau ƙwarai, kuɗinsa kuma ya fi dacewa da mai tsere.

Ɗauko fok na wani babur, musamman mai kife, wanda bututunsa mai kauri ke sama, shi ne hanya mafi wahala. Sai ka tabbatar maƙalin wuya, ƙarfen tsakiyar taya da mazaunin birki duk sun zauna daidai, kuma in tsayinsa ya bambanta da na asali, yadda babur ke shan kwana zai canza.