Shafin Bart Torvik da rabon minti 200: sharhi kan hasashen 'yan wasan ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka

A gasar ƙwallon kwando ta maza ta jami'o'in Amurka minti 40 ake bugawa, kashi biyu na minti 20 kowanne, kuma 'yan wasa 5 ne ke cikin fili daga kowane ɓangare. Ke nan duk abin da koci yake da shi na rabawa a wasa guda minti 200 ne, ba ƙari sai idan an yi canjaras an shiga ƙarin lokaci. Wannan lissafi mai sauƙi shi ne magoya baya suke mantawa da shi a duk lokacin hutun kaka, domin idan mutum ya tattara mintunan da suke yi wa 'yan wasan ƙungiyarsu alkawari da baki, sai ya tarar sun zarce abin da agogo zai iya ɗauka nesa ba kusa ba. Babbar fa'idar shafin barttorvik.com, wanda aka fi sani da T-Rank, ita ce yana tilasta wa mai karatu ya zauna cikin iyakar waɗannan mintuna, kuma a kan wannan ma'auni ne na ga ya dace a auna shi.

Mai shafin, Bart Torvik, lauya ne kuma masoyin ƙungiyar Jami'ar Wisconsin, wanda ya fara aikin a matsayin abin sha'awa. Shafin kyauta ne, yana ɗauke da alƙaluman ƙungiyoyi fiye da 360 na rukunin farko na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, kuma bayanansa suna komawa baya har zuwa kakar 2008. Darajarsa ta ƙaru a shekarar 2024, lokacin da hukumar ta sanya ma'auninsa cikin takardun da kwamitin zaɓen ƙungiyoyin da za su shiga gasar fitar da zakara ta watan Maris yake dubawa. Sai dai abin da wannan sharhi ya sa gaba shi ne sashen hasashen kaka mai zuwa, wanda ake buɗewa tun watanni kafin a fara wasa a farkon Nuwamba, ana kuma sabunta shi duk lokacin da wani ɗan wasa ya tafi ko wani ya zo.

Idan aka buɗe shafin wata ƙungiya kafin kaka, abin da ake tararwa shi ne jerin 'yan wasan da ake sa ran za su taka rawa, kowanne da ajinsa da tsawonsa, sannan kason lokacin wasan da aka yi masa hasashe, da ingancin harinsa, da yawan hare-haren ƙungiya da ake sa ran za su ƙare a hannunsa, da matsakaicin makin da zai ci. Akwai abin da yake ruɗa sabon mai dubawa a nan: shafin ya saba nuna lokacin wasa a matsayin kaso cikin 100, ba adadin mintuna ba, don haka wanda aka rubuta wa 75 ana nufin zai buga kimanin minti 30 ne cikin 40, wanda kuma aka rubuta wa 25 minti 10 ne rabonsa. Daga waɗannan ne ake haɗa ƙarfin harin ƙungiya da na tsaronta a kowane hari 100, a fitar da adadin da shafin yake kira Barthag, wato yiwuwar ƙungiyar ta doke matsakaiciyar ƙungiya a filin da ba na kowa ba.

Kayan aikin da ya fi burge ni shi ne RosterCast. Da shi mutum zai cire ɗan wasa daga wata ƙungiya ko ya saka mata wani, nan take ya ga yadda matsayinta zai hau ko ya sauka. Amfaninsa bai tsaya ga nishaɗi ba, domin yana nuna abin da mai gardama a majalisa ba ya son ji: sabon ɗan wasa ba ya zuwa da mintunansa a aljihu, na wani yake karɓa. Sau da yawa ƙungiya takan ɗauko wanda ya ci maki 18 a kowane wasa a ƙaramar gasa, magoya baya su yi ta murna kamar an ƙara musu maki 18 ne cif, amma da an saka shi a lissafi sai a ga canjin kaɗan ne, saboda wanda zai koma benci dominsa ba baya ba ne, kuma ƙwallon da sabon yake buƙata a hannunsa dole a rage ta daga hannun wasu.

Dole a yi wa shafin adalci ta hanyar tuna irin zamanin da yake aiki a ciki. An buɗe rajistar masu neman sauya makaranta a Oktoban 2018. A 2021 aka ba ɗan wasa damar sauya sheƙa sau ɗaya ba tare da ya zauna shekara guda bai buga ba, a Yulin 2021 kuma aka halatta musu samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A 2024 aka cire takunkumin da ke kan masu sauyawa fiye da sau ɗaya. Sannan a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye, ya kuma maye gurbin tsohuwar iyakar guraben tallafin karatu 13 da iyakar 'yan wasa 15 ga makarantun da suka shiga tsarin. A da, mai hasashe yakan duba waɗanda suka buga bara ya ƙara musu kaɗan, ya cike gurbin waɗanda suka kammala karatu. Yanzu akwai ƙungiyoyin da ba a samun ko mutum biyu da suka taɓa buga wasa tare.

Kentucky ta kakar 2024 zuwa 2025 ita ce misalin da ya fi fito da wannan wahala fili. Kocinta John Calipari ya koma Arkansas a Afrilun 2024, sabon koci Mark Pope ya zo daga jami'ar BYU ya tarar babu ko ɗaya daga cikin masu gurbin tallafi na bara da ya rage, sai ya tara mutane daga ko'ina: Lamont Butler daga San Diego State, Otega Oweh daga Oklahoma, Koby Brea daga Dayton, Amari Williams daga Drexel, Andrew Carr daga Wake Forest, Kerr Kriisa daga West Virginia, da Jaxson Robinson wanda ya biyo kocinsa daga BYU. A irin wannan hali lissafi yana da abin kamawa, tunda kowannensu yana da tarihin wasa a jami'a, kuma gwanintar T-Rank ke nan, wato auna abin da mutum ya yi gwargwadon ƙarfin waɗanda ya kara da su. Amma tarihin bai faɗi wanda zai zama jagoran cin maki ba idan aka haɗa su a fili ɗaya. Oweh, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya ja ragamar da maki 16 da ɗoriya a kowane wasa, bayan da ya tsaya a 11 da ɗoriya a Oklahoma. Kriisa ya karye a ƙafa a watan Disamba bai sake bugawa ba, Robinson ya ƙare kakar da ciwon wuyan hannu, Butler kuma ya yi ta fama da kafaɗa, har sababbin shiga irin su Travis Perry suka samu mintunan da ba wanda ya tanadar musu a Oktoba. Duk da haka ƙungiyar ta kai zagayen 'yan 16 kafin Tennessee ta fitar da ita. Wannan yana nuna wani abu game da irin wannan hasashe baki ɗaya: ana iya dacewa a kan ƙarfin ƙungiya alhali rabon mintunan ya sha bamban da yadda aka zana, domin idan 'yan wasan suna kusa da juna a inganci, kuskuren da aka yi a kan wani yakan shafe wanda aka yi a kan wani.

Duke ta kakar 2024 zuwa 2025 ɗin ta nuna ɗaya raunin hasashen, wanda a ganina ya fi batun ciwo da jinya muhimmanci, domin shi ba tsautsayi ba ne. Kocinta Jon Scheyer ya shiga kakar da Tyrese Proctor da Caleb Foster a matsayin tsofaffin hannu, tare da sababbin shiga Cooper Flagg da Kon Knueppel da Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu. Waɗannan biyar ɗin ne suka fara wasannin Nuwamba, har da wanda Kentucky ta ci su 77 da 72 a Atlanta. A farkon Disamba kocin ya mayar da Foster benci ya ɗora Sion James, wanda ya zo daga Tulane, saboda ƙarfin jikinsa da tsaronsa da yadda ya dace da matasan da ke buƙatar ƙwallo a hannu. Daga nan mintunan Foster suka yi ta raguwa, Duke kuma ta ci wasa 35 ta faɗi 4, ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Houston ta doke ta 70 da 67. Babu wani layi a teburin hasashen kafin kaka da yake auna yadda mutum biyar suka dace da juna, ko abin da koci ya gani a filin atisaye da ƙofa a rufe. Haka nan Isaiah Evans, wanda ya tashi daga benci ya zura jifa 6 masu maki uku a kashin farko na wasansu da Auburn, ya nuna yadda dare ɗaya yake iya sauya lissafin koci a kan matashi.

Batun sababbin shiga yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa. Wanda ya fito daga sakandare ba shi da alƙaluman jami'a ko kaɗan, don haka abin dogaro shi ne matsayin da masu farautar 'yan wasa suka ba shi, da abin da masu irin matsayinsa suka yi a shekarun baya. A kan irin su Flagg, wanda ya buga kusan minti 30 a kowane wasa kuma aka ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NBA na 2025, ba a cika yin kuskure ba, tunda kowa ya san ba za a ajiye shi a benci ba. Matsalar tana wajen na 40 ko na 80 a jerin ƙasa, wanda zai iya zama cikin biyar ɗin farko ko kuma ya shafe kakar da rigar ɗumi a jikinsa. Adadin da shafin zai ba irin wannan matashi matsakaici ne tsakanin waɗannan ƙarshe biyu, kuma a zahiri ba kasafai yake buga matsakaicin ba. Dogayen 'yan tsakiya ma suna da nasu cikas. A jami'a keta 5, wato laifi 5 a wasa, ce take fitar da ɗan wasa, ba 6 ba kamar a NBA, kuma koci da yawa sukan zaunar da wanda ya yi keta 2 har a tafi hutun rabin lokaci. Maluach, duk da cewa shi ke farawa kuma ya shiga cikin goman farko a zaɓen NBA, mintunansa ba su wuce 21 da ɗoriya ba.

Akwai kuma bambancin ɗabi'ar masu horarwa. Wani yana juya mutum 10 a Nuwamba lokacin da ake karawa da ƙananan makarantu, ya matse zuwa 7 ko 8 idan wasannin rukuni suka yi zafi, wani kuma tun farko bai yarda da benci ba. Kason da aka rubuta na kaka gaba ɗaya yana haɗe waɗannan lokuta biyu wuri guda, shi ya sa mutum na takwas da na tara a jerin su ne waɗanda ya kamata a karanta adadinsu da taka-tsantsan. A wannan fanni shafin KenPom na Ken Pomeroy, wanda ake biyan kuɗi a shekara, yana da abin ƙarawa, domin yana nuna kason mintunan benci na kowace ƙungiya, da yadda koci yake barin mai keta 2 a fili, da biyar ɗin da aka fi haɗawa a wasannin baya-bayan nan. Shafin Evan Miyakawa kuwa ya fi zurfafawa a kan yadda ƙungiya take idan wane da wane suna fili tare. Wanda ya haɗa ɗaya daga cikinsu da T-Rank zai fi wanda ya tsaya a kan guda.

Ta fuskar tsari, shafin ba ya neman burge ido. Tebura ne masu faɗi cike da lambobi da gajerun sunaye irin su PRPG da WAB, duk da Turanci, kuma a waya sai mutum ya yi ta jan allo hagu da dama kafin ya haɗa sunan ɗan wasa da adadinsa. A kwamfuta ya fi daɗin karatu. Sabon mai dubawa zai ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane inda kowane abu yake.

Ina ba da shawarar shafin ga duk mai bin wata ƙungiya ta jami'a da gaske, da mai rubuta sharhin wasanni da ke son ya san ko ƙungiyar da aka sake ginawa ta ƙaru ko ta ragu. A yarda da shi sosai a kan tsofaffin 'yan wasa biyar ko shida na saman jeri da kuma matsayin ƙungiya a dunƙule, a rage yarda idan aka gangaro kan sababbin shiga da 'yan benci. Hasashen farkon kaka yana ci gaba da tasiri a ma'aunin ƙungiya na wasu makonni, yana raguwa a hankali yayin da wasanni suke taruwa, kuma shafin yana ba da damar tace alƙaluma da kwanan wata. Don haka idan koci ya canza biyar ɗinsa na farko kamar yadda Scheyer ya yi a Disamban 2024, mai dubawa zai iya zaɓar wasannin da aka buga daga ranar canjin kawai, ya kwatanta su da waɗanda suka gabata.