Irin zurma mai jan ganye: abin da na gani bayan wata uku

Na sayi fakitin irin zurma mai jan ganye ne domin in samu abin da zai rufe mini katangar bayan gida cikin damina ɗaya. Ƙwaya 12 na tarar a ciki, masu sheƙi da zane-zane, kowace kamar kaskar da ta sha jini ta ƙoshi. Biyu ba su da nauyi a hannu, sai na ware su gefe.

Umarnin da ke bayan fakitin ya ce a shuka a zurfin santimita 2 zuwa 3 cikin ƙasa mai ɗumi, amma bai ambaci jiƙo ba, alhali ɓawon zurma yana da tauri. Saboda haka na raba goman gida biyu. Biyar na binne su yadda suke, biyar kuma na ɗan kankare bayansu da samfefa, ina kauce wa farin ƙullutun da ke bakin ƙwayar, sannan na jiƙa su kwana guda a ruwa mai ɗumi. Waɗanda na jiƙa sun fasa ƙasa a rana ta 8, karansu a lanƙwashe kamar ƙugiya yana janyo ganye biyu masu faɗi, wani ma da ɓawon a maƙale a kansa. Sauran sai da suka kai kusan mako uku, ɗaya kuma ta ruɓe, kodayake wannan laifina ne, domin na cika mata ruwa.

Na kuma yi kuskuren fara wasu a ƙananan kofuna. Saiwar zurma tana nutsawa ƙasa da sauri kuma ba ta son dashe, shi ya sa waɗanda na shuka kai tsaye, da tazarar mita ɗaya, suka tsere musu. Yanzu sun wuce tsayina.

Ingancin irin ya gamsar da ni, amma ban yafe wa masu fakitin rashin rubuta gargaɗi ba. Ƙwayar zurma tana ɗauke da guba mai suna risin, kuma ƴan kaɗan idan aka tauna suna iya halaka yaro ko dabba. Ganin an saba da man zurma yana sa mutane sakaci, alhali gubar a cikin tukar take zama bayan an matse man. Ni dai da zarar ƴaƴan nan masu ƙaya sun fara fitowa nake yanke su, tun kafin su bushe su fashe su watsa ƙwaya inda yara ke wasa.