OpenLearn: kwasa-kwasan kyauta na Open University, amfaninsu da inda suke gazawa

Shafukan koyarwa da yawa suna cewa kyauta ne, amma sai ka kusa karɓar takarda sannan a nemi lambar katin bankinka. OpenLearn ba haka yake ba. Daga rajista har takardar shaida babu inda ake biyan ko sisi. Shafin mallakin Open University ne, jami'ar karatu daga gida da aka kafa a Birtaniya a 1969, mai hedikwata a Milton Keynes, kuma ta buɗe shi a 2006. Kada a rikita ta da NOUN, wato National Open University of Nigeria, suna ne kawai ya zo kusa.

Kwasa-kwasan ɗaruruwa ne. Kowanne an rubuta sa'o'in da zai ci da kuma matakinsa: 1 na ɗan koyo, 2 na matsakaici, 3 na wanda ya yi nisa. A kula da wannan lamba. Da yawa daga kwasa-kwasan yanki ne aka ciro daga darussan digiri na jami'ar, don haka wanda ya faɗa mataki na 3 ba shiri zai ci karo da Turancin da zai sa ya rufe wayar. Wani lokaci ma darasin zai ambaci babi ko littafin da ba ya cikin abin da aka ba ka.

Ɓangaren tarihi da fasaha shi ne mafi armashi. Kwas ɗin Art and life in ancient Egypt, alal misali, an gina shi kan zanen bangon kabarin Nebamun, magatakarda mai lissafin hatsi da ya rayu a Masar wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa. Guntayen zanen suna British Museum a Landan. A ciki ana ganinsa yana farautar tsuntsaye a fadama da kyanwa a gefensa, ga kuma wurin da ake ƙidaya shanu da dinya. Ba haddar sunayen fir'aunoni ake sa ka ba. Koya maka ake yadda za ka dubi zane ka tambayi wa ya sa a yi shi, don wa, kuma me aka ƙi nunawa. Ɗalibin tarihi da ya saba da kwafar abin da malami ya faɗa zai ƙaru ƙwarai da wannan salo.

A fannin halayyar ɗan Adam akwai Forensic psychology, inda ake bin binciken wani ƙagaggen fashi ana nuna yadda mai shaida kan rantse ya ga abin da bai gani ba. Sauran darussan zamantakewa da shari'a suna da kyau wajen koyar da tunani, sai dai kusan duk misalansu na Birtaniya ne: kotunansu, majalisarsu, unguwanninsu. Ɗauki hanyar nazarin, ka nemo misalanka a gida.

Harsuna kuwa ɗanɗano ne. Jerin Getting started na Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da Sinanci zai kai ka gaisuwa, gabatar da kai da ƙirge, da muryoyin da za ka saurara ka maimaita. Babu malami, babu mai gyara maka lafazi. Kuma da Turanci ake bayanin komai, don haka wanda ya yi boko da Faransanci a Maraɗi ko Garwa sai ya fara samun Turancin. Wanda ya fi biyan bukata a nan shi ne English: skills for learning, musamman ga mai shirin shiga jami'a, domin yana koyar da karanta rubutun ilimi, ɗaukar bayani da tsara sakin layi.

Samun takarda yana da ƙa'ida, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Ana iya karanta komai ba tare da rajista ba, amma ba za a lissafa maka ba. Sai ka buɗe asusu da imel, ka rubuta sunanka yadda kake so ya fito, ka shiga kwas ɗin ka danna maɓallin yin rajista. Daga nan dole ka buɗe kowane shafi, har da na ƙarshe, ka kuma miƙa gwaje-gwajen da ke ciki. Shafi ɗaya da ka tsallake ya isa ya riƙe takardar. Haka wanda ya sauke kwas ɗin a PDF ko Word ya karance shi ba intanet: dabara ce mai kyau don tattalin data, amma shafin bai san ka karanta ba, sai ka koma ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Sauti da bidiyo ba sa aiki a PDF. Yawancin bidiyon dai suna da rubutaccen abin da aka faɗa a ƙasansu, wanda ke rage cin data.

Kwasa-kwasai masu bajo, wato alamar kammalawa ta intanet da ake bayarwa bayan an ci gwaji, yawanci sa'o'i 24 ne, a kashi takwas, wato kamar awa uku a mako. Gwajin mako na 4 da na 8 su ake ƙirgawa, ana neman kashi 50 cikin 100. Kowace tambaya kana da dama uku, idan ka faɗi gwajin kuma sai bayan sa'o'i 24 ka sake.

Takardar da ake bayarwa shaidar halarta ce kawai. Ba difloma ba ce, ba ta ɗauke da makin jami'a, kuma babu wanda ya tabbatar kai ne ka zauna ka yi karatun. A takardar neman aiki a sa ta ƙarƙashin ƙarin horo, kada a rubuta ta a layin makarantun da aka yi, domin mai tantancewa da ya san shafin zai gane nan take.