Tsohon hoto: a bar shi da ruwan ƙasarsa ko a sa masa kala?

Tun da manhajojin sa wa hoto kala suka cika wayoyi ake ta tambayata: hoton kaka, a taɓa ko a bari?

Wajen kuɗi duk ba tsada. Barinsa firam kawai yake so da wuri marar danshi, kala kuwa 'yar data ce, minti ɗaya an gama.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhaja ba ta san launin komai ba, cinka take yi. Na gwada da hoton kakana cikin rigar shuni ta rinin Ƙofar Mata, sai ga riga ta fito ja wur, har zanen fuskarsa ya dushe. Launin ruwan ƙasar nan kuma sau da yawa da gangan aka yi shi: masu wankin hoto kan tsoma takardar cikin sinadarin farar wuta, azurfar da ke jikinta ta ƙara jure iska, shi ya sa wasu suka haura shekara 100 ba su koɗe ba. Shi ke ba hoto natsuwar nan irin ta hasken la'asar sakaliya.

Mai son yara su ga kakansu kamar jiya aka ɗauka, kala ta fi masa, amma a kan kwafi. Mai kewar zamanin ya bar shi yadda ya gada.